Ƙafar Haru a Tsibirin Panya

Abin da ya fitar da ni daga Magariya a tsakiyar kaka, lokacin da ɗan kasuwa mai hankali ba ya barin gari, ga shi a ƙidaye: ƙane ɗaya, don mu biyu ne maza a ɗakin Inna, ƙafa ɗaya, ta dama, wadda yake taka keken ɗinki da ita, likita ɗaya da ya riga ya ce a yanke ta, sai ikon Turawa iri uku da teku a tsakanina da su.

Sunana Isuhu, sana'ata dillancin shanu da fatu. Da akuya biyu na fara, ba wanda ya ba ni jari. Ina rubuta wannan ne saboda mutanenmu masu tafiya kudu neman abinci, domin kuskuren da ya kusa cin ƙafar nan ba na Bature ba ne, ba na boka ba ne. Nawa ne, kuma duk mutumin ƙasarmu zai iya yin irinsa.

Ƙanena Haru tela ne. Ya yi noman damina tare da mu a ƙauyenmu kusa da Sassumbrum, da aka kai amfani gida sai ya ɗaure kekensa a buhu ya bi wani Bakano zuwa Panya, tsibirin Turawan Sifaniya da ke cikin teku bayan Kalaba. An ce masa leburorin gonakin koko suna karɓar albashi su rasa mai yi musu ɗinki, kuma ba a yi masa ƙarya ba. Ya samu.

Damina ta zagayo, ana saura shekara guda Faransa ta sauka daga mulki, shekarar da aka ce Sifaniya ta mai da tsibirin lardi cikin lardunanta. Sai ga wasiƙarsa da ajami: kurkunu ya fito masa, guda biyu, a ƙafar dama. Na yi dariya. Wa bai yi kurkunu ba a ƙasarmu? Ni kaina sau uku na yi. Mun san tafiyarsa kamar yadda muka san tafiyar gero: damina ke tayar da shi, mutum ya kwanta yana naɗe tsutsar a tsinke kaɗan-kaɗan, in an yi girbi iska ta bushe, miki ya bushe tare da ita. Na aika masa amsa layi biyu: "Ka kwanta, ka yi haƙuri, kada ka kai kanka wurin Nasara. Kaka ta kusa."

Bayan mako goma wata wasiƙa ta zo, ba da hannunsa ba, da hannun mai masaukinsa, Malam Tanko, Bakatsine. Ya ce tsutsa ɗaya ta fita, ɗayar ta tsinke a ciki, ƙafa ta kumbura har gwiwa. An yi masa sakiya sau biyu, wato an gasa ƙarfe ya yi ja an huda kumburin, abin ya ƙara lalacewa. Sun kai shi asibiti, likita ya ce sai an yanke, Haru ya sa aka sato shi ya koma ɗaki. "In yana da ɗan'uwa, ya zo."

Na kai wasiƙar ƙauye. Kawu Idi, ƙanen Inna, ya ce, "Sakiya biyu ai wasa ne. Ni sai da aka yi mini biyar. Yaran yanzu ba sa son wuta." Wani ya ce a aika da rubutu a sha, wani ya ce a bari a ga wasiƙa ta uku. Inna ta bari suka gama. Ni ne ɗanta na fari, ba ta kama sunana.

"Kai wannan," ta ce, "shanun nan da ka turke, su ne 'yan'uwanka?"

"A'a, Inna."

"To me kake jira?"

Bijimai huɗu ne nake turke don kasuwar Kano, saura wata biyu su cika. Na sayar da su a yadda suke, masu saye sun ga gaggawa a idona sun ci rabonsu. Kwana shida na yi ina neman takardu: lasefase, wato takardar izinin tafiya, a Magariya, da lambar rigakafin ciwon shawara a Damagaram. Inna ta ba ni ƙullin garin magani, ni kuma na ɗauri garin gero da kuka da daddawa.

Kamyo, wato motar kaya, ya kai ni Kano. Daga nan na shiga kar, babbar motar mutane da Kanawa ke ce wa safa, mai bencin katako, na yi ta sauyawa: Jos, Makurɗi, Inugu, Aba. Na baro ana ɗaurin gero rana tana cizo, amma muna ƙetare Binuwai sai ruwa ya tare mu. In ya sauka, akan rufe hanya da shinge har ƙasa ta sha iska. A bakin irin wannan shinge na zauna kusa da wani tsoho, Bazazzagi mai fataucin goro.

"Baba, wannan ruwan na ƙarshe ne ko?"

"Na ƙarshen me?"

"Na damina. Mu can an gama girbi."

Ya yi dariya har sai da ya dafa gwiwata. "Ɗan Faransa, saman nan ba ta san an yanke gero a Damagaram ba. Ina za ka?"

"Panya."

"Ash! Can rigar da ka wanke sai ta kwana uku a igiya, ka ɗauke ta tana warin funfuna. Ko ruwan ya ɗauke, iskar a jiƙe take."

A bakin shingen nan na gane kuskurena. Na sa ƙanena ya kwanta jiran kaka a ƙasar da kakarmu ba ta zuwa. Shi kuma ya jira, don yayansa ne ya faɗa.

A Oron hanya ta ƙare a bakin ruwa. Muka shiga jirgin fito, wani faffaɗan ƙarfe mai ɗaukar mutane da motoci, ya ratsa da mu tsakanin itatuwa masu saiwa a waje har Kalaba. A nan na nemi hatimin ofishin Sifaniya, na kuma jira jirgin teku kwana biyar, don ba kullum yake tashi ba. Wanda zai bi hanyar nan ya tambayi ranar tashin jirgi tun daga Aba; da na yi haka da ban zauna ina cin guzuri a banza ba. Teku kuwa ba ni da abin faɗa a kanta sai amai. Wata mata mai kai bushasshen kifi ta ba ni citta na tauna, ba ma jin harshen juna, Allah ya saka mata. Kwana goma sha bakwai daga ƙofar gidana na ga dutsen Panya, rabinsa a cikin gajimare.

Malam Tanko ya tare ni a bakin jirgi a Santa Isabel, ya kai ni unguwar Hausawa. Ɗakin Haru na kwano ne, yana ɗiga. Takalminsa a ƙofa ya yi kore, igiyar kekensa ma haka. Warin ya tare ni tun kafin in yi sallama.

"Yaya," ya ce, "ka rame."

"Ni na rame? Kai da ka koma sandar makiyayi?"

Ya yi murmushi. "Ka ce in jira kaka. Ga ni nan ina jiranta."

Na durƙusa gaban ƙafar da aka naɗe da tsumma. Na kwance tsumman. Daga idon sawu zuwa ƙasan gwiwa ƙafar ta kai kaurin turmi, tana sheƙi, da ramuka biyu na sakiya suna tsiyaya. Na yi abin da na sani. In za ka sayi sa mai ɗingishi, ba kumburin ake duba ba, ƙasansa ake duba. Na kama yatsunsa: da ɗumi. Na danna farce, ya yi fari, jini ya dawo. Na sa farcena na mintsini ƙaramin yatsa da ƙarfi.

"Wayyo! Yaya, kashe ni ka zo yi?"

"Alhamdulillahi," na ce. "Malam Tanko, gobe asibiti."

"Yankewa za su yi, Yaya."

"Sai sun yi ciniki da ni tukuna."

Layin asibitin na leburori ne, masu saran adda da masu zazzaɓi, tun asuba har azahar. Kwana biyu muna ɗauko shi a kan ƙyauren ƙofa muna komawa, ran na uku muka shiga. Likitan gajere ne mai sanƙo, kuma ya gane shi nan take. Magana sai ta bi baki uku: shi ya faɗa wa ma'aikacinsa, ma'aikacin ya faɗa wa Malam Tanko da Turancin buroka, Malam Tanko ya juya mini. Faɗan ma haka ya biyo layi har ya iso gare ni, bai huce ba. Ya ce wanda ya gudu ya dawo, hukuncinsa na nan: daga ƙasan gwiwa, gobe.

Na ce a roƙe shi ya taɓa yatsun.

"Ya ce kai wane ne da za ka koya masa aikinsa?"

"Ka ce masa ni ba likita ba ne, dillalin shanu ne. Amma ban taɓa kai sa mahauta ba muddin kofatonsa na da ɗumi."

Da maganar ta isa, ya kalle ni ta saman tabarau, ya sunkuya ya matsa yatsun da kansa, ya daɗe. Ya ce ƙafar ba ta mutu ba, amma ruɓar tana hawa, in ta wuce gwiwa ba ƙafa za a rasa ba, mutum za a rasa. Na ce ya ba ni wata guda. Ya ce kwana uku. Na ce ashirin. Ya ce bakwai. Na ce albarka, na fara naɗe tsummana kamar mai tashi daga kasuwa. Ma'aikacin ya kasa riƙe dariya. Muka tsaya a goma. Sharaɗinsa: ba sakiya, ba zuba gari a miki, allura kullum, kuma in ja ya haura gwiwa zai yanke ko da kwana ɗaya ne ya wuce, ni zan riƙe masa shi. Ya ɗauki alƙalami ya ja layi a fatar gwiwar. Na ce na yarda. Haru ya juya fuska bango.

Aka fasa ƙafar aka matse, aka fara allurar fenisilin. Ƙorafina na farko bandeji ne. Kaɗan ake bayarwa, sai an wanke an maimaita, kuma ba ya bushewa. Ka shanya da safe, da la'asar ka ɗauke shi da danshi ka naɗa a miki. Na koma ɗakin Haru na ɗauko dutsen gugarsa na gawayi. Kullum in tafasa bandejin, in goge shi har ya yi ƙamas, in kai shi da zafinsa. Wata sista ta ga ina yi, ta kawo na wasu majinyata ta ajiye a gefena. Na goge. Daga ranar ba wanda ya ƙara korata daga barandar asibitin da nake guga.

Na biyu abinci. Shinkafa da kifi mai gishiri da ayaba dafaffiya, Haru ya kalla ya kau da kai. Matar Malam Tanko ta riƙa dama masa kunu da garin geron da na kawo, tana yi masa miyar kuka. Ranar farko ya sha kofi biyu yana hawaye. Garin maganin Inna kuwa, ban zuba a miki ba, na cika alkawari. Na jiƙa kaɗan na ba shi ya kurɓa, don in iya kallon idonta in ce an yi amfani da shi.

Rana ta huɗu zazzaɓi ya taso, ja ya matso saura yatsa biyu ya taɓa layin. 'Yan unguwa suka zo dubiya suka ja ni gefe. Akwai wani wanzami, hannunsa na da sa'a, a fito da shi tun kafin Nasara ya wasa wuƙa. Haru da kansa ya riƙe rigata.

"Yaya, don darajar Inna ka fitar da ni."

"Na ba mutumin nan hannu."

"Ƙafarka ce?"

"Ba tawa ba ce. Amma shawarar gida ce ta kawo ka nan, ba za mu ƙara ta biyu ba."

Ban taɓa faɗin magana mai nauyin wannan ba, kuma ban san ko daidai nake ba. Na je na tsaya a ƙofar likitan har ya fito. Ya duba, ya sake fasa wani wuri a bayan ƙwauri, ya zaro ragowar tsutsar da ta tsinke, ta ruɓe, ya nuna mini a faranti. A nan ya gaya mini abin da ban taɓa ji ba: wannan ba ciwon Panya ba ne, a cikinsa ya zo da shi. Ruwan tabkin da ya sha a daminar bara ne, ƙwayar tana shekara a jiki kafin ta fito. Na yi musu, na ce mu jijiya muka san shi da ita, damina ke tayar da ita. Ya ce in tace ruwan tabki a ƙyalle mai kauri in duba abin da ya rage. Na yi haka da na koma gida, na ga 'yan ƙananan ƙwari suna motsi a ƙyallen. Ya fi ni gaskiya.

Kwana biyu bayan haka zazzaɓin ya sauka. Sai ga tsutsa ta uku ta leƙo a idon sawu. Ma'aikacin ya kawo hantsaki zai ja, na riƙe hannunsa. Wannan kam aikinmu ne. Na ɗiga ruwa a wurin har ta miƙo kai, na kama ta a tsinken ashana, na naɗa faɗin yatsa ɗaya, da na ji ta ja baya na tsaya na ɗaure. Kullum haka, wata rana ta biyo da yawa, wata rana kaɗan. Likitan ya tsaya ya kalla sau ɗaya, ya ce a bar mini.

Ran goma ya zo da safe. Ja ya koma ƙasa, kumburi ya saɓe, fata ta yi tamoji. Ya lashi yatsa ya goge layin da ya ja. Malam Tanko ya yi kabbara a tsakiyar asibitin Nasara. Amma mikin na nan buɗe, faɗin tafin hannu, kuma likitan ya ce a iskar nan zai iya wata shida bai rufe ba, in ya sake ruɓa babu ciniki na biyu. Kalma ɗaya ta harshensu na riƙe, don ya yi ta nanata ta: "seko", wato a bushe. Ya tambayi yadda garinmu yake yanzu. Na ce in ka shanya fata da safe, da azahar ta zama katako. Ya ce can za ka kai shi. Ya tambayi kwana nawa ne. Na ce goma sha bakwai, cikin taɓo da bencin katako. Ya girgiza kai, ya nuna sama.

Akwai ƙaramin jirgin sama da ke zuwa Duwala, daga can kuma babba da ke sauka Kano. Na je na tambayo. Abin da ya rage a ɗamarata ya isa kujera ɗaya da rabi. Na dawo na zauna a bakin gadonsa.

"Haru, za mu sayar da keke."

"A'a."

"Ban tambaye ka ba, gaya maka nake."

"Yaya, ƙafa ba keke, me za ta taka?"

"Keke ba ƙafa, wa zai taka shi? Keke akwai shi a kantin Kano. Ka taɓa ganin kantin ƙafa?"

Ya ce, "To kada ka sayar wa Okon na bakin kasuwa. Shekara guda yana ƙwace mini masu ɗinki."

Okon ɗin na sayar wa, don shi ya fi kowa son sa, kuma mai so shi ke biya. Na goge funfunar, na sa mai, na bar shi ya zo sau uku kafin in sallama. Muka jira kwana tara har tsutsar ta fita duka, ta kai kamu biyu, ba ta tsinke ba.

Ranar tafiya mutum biyu suka ɗaga shi zuwa cikin jirgin. Aka ɗaure mu da ɗamara a kujera. Da abin ya fara gudu na ji duk ayar da na sani ta zo bakina lokaci guda.

"Yaya, kai da ka yi ciniki da likita, ƙarfe ne ya ba ka tsoro?"

"Rufe mini baki. Sa in ya ƙi tafiya ana sauka a ja shi. Wannan fa?"

Tekun da ta juya mini hanji yini da kwana, ban gama addu'a ba muka ƙetare ta. Duwala ƙasar Faransa ce, takarduna suka yi aiki, ɗan Faransancin kasuwa da nake ji ya samo mana wurin wanke miki a kwana biyun da muka jira. Babban jirgin ya ɗauke mu da hantsi. Na leƙa ta taga ina ganin kurmi yana ragewa, kore yana komawa ja, har na fara hango rumbuna da gonakin da aka girbe. Aka buɗe ƙofa a Kano. Kafin mu fita daga filin leɓena ya fara tsagewa. Haru ya shaƙi iska ya ce, "Yauwa. Ga ta nan."

Na biya masa gaban kamyo zuwa Magariya, ya miƙe ƙafa a kan buhu. Mako uku ya yi a gidana, kullum anfirme, ma'aikacin jinya, na wanke mikin. Bandeji in na shanya, kafin in sha fura ya bushe. A mako na biyu gefen mikin ya fara janyewa, sabuwar fata tana shigowa kamar bakin tabki a rani. Sannan na kai shi ƙauye a amalanke. Inna ta fito, ba ta kalli fuskarsa ba, ta durƙusa ta ƙirga yatsun ƙafar ɗaya bayan ɗaya. Da ta kai biyar ta tashi ta shiga ɗaki. Daga ciki ta ce, "Kai wannan, akwai fura a ƙwarya." Kawu Idi kuwa har ya bar duniya yana cewa sakiyar nan biyu ce ta yi aiki a hankali.

Mikin ya rufe cikin mako shida. Mai tafiya kudu ya riƙe abu biyu daga gare ni: ya tace ruwan tabki tun yana gida, kuma in ciwo ya kama shi a can, kada ya auna shi da damina da kakar garinsu.

Ga lissafin ƙarshe. Na rasa bijimai huɗu da kasuwar kaka guda, sai da na shekara biyu kafin in koma inda nake. Haru ya rasa kekensa da masu ɗinkinsa na Panya, idon sawun kuma ya ƙage, bai ƙara tsugunawa daidai ba. Wata uku na wahalar da ya sha a ɗakin kwanon nan a wuyana suke, na nemi gafararsa ya ce in daina ɓata masa fura. A ɗaya gefen, kafin damina ta sauka ya hau keken haya a kasuwar Magariya, bayan shekara ya sayi nasa. Ƙafar ta taka masa keke shekara talatin da ɗaya, ta aurar da 'ya'ya shida, ta yi ɗawafi. Ranar da ya rasu ni na yi masa wanka, kuma da ƙafafunsa biyu muka sa shi a kabari.